Wayar Nan Ta Uku Da Muke Yankewa

Ku shiga gida uku a jere a Guri, ko Kadira, ko Musari, ku leƙa bayan ƙyauren ɗaki inda soket yake. Kafin ku fito daga na ukun za ku ga abin da nake nufi: bakin waya biyu tsirara, an murɗa su da yatsa, an cusa cikin ramukan ƙasa, an tokare kowacce da tsinken ashana don kada ta zame. A ramin sama kuma akwai wani tsinken, na tsintsiya, wanda aka danna domin 'yar ƙofar da ke tsare ramukan ta buɗe. Filogin ya fashe tun bara, an yanke shi da reza an yar. Fanka tana ta juyawa, yaro mai rarrafe yana wasa a tabarma taku biyu daga wurin. Haka muke yi, a gidan da na tashi ma haka na tarar ana yi. Masu ƙera soket sun sa waccan 'yar ƙofa ce saboda yatsan wannan yaro, mu kuwa mun iya buɗe ta tun kafin mu san dalilin sa ta.

Na san mafarin abin, shi ya sa ba na saurin kiran sa ganganci. Wuta baƙuwa ce a wurinmu. Daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin gas na kudu take tasowa, ta bi ta Kaduna ta sauka Kumbotso a Kano, ta miƙo gabas zuwa Haɗeja, sannan abin da ya rage ya biyo falwayoyi ya iso mu nan bakin iyakar Yobe. Mu ne a wutsiyar layi. In ta zo ba mai tsayawa gyaran filogi, kowa rige-rige yake yi: wannan ya jona waya a caji, waccan ta ɗauko guga, wata ta tsoma hita a bokiti, firiza da fanka da talabijin duk a lokaci guda, don ba a san minti nawa za ta yi ba. Sunan mai kawo ta ya sauya sau da dama. NEPA ce tun 1972, ta koma PHCN a 2005, a Nuwamban 2013 kuma KEDCO ya karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, amma har gobe NEPA yaranmu suke kira. Ko wane suna kamfani ya ɗauka, aikinsa a bakin mita yake tsayawa. Daga nan zuwa ƙuryar ɗaki namu ne, alherinsa da sharrinsa.

Abin da ya tayar da wannan hira ya faru ne wata la'asar a majalisarmu, gindin darbejiya, kusa da mai shayi. Wani maƙwabcinmu da uwargidansa ke sayar da ƙanƙara da zoɓo ya hango mai wayarin ɗin unguwa yana wucewa da jakarsa, ya kira shi.

"Injiniya, zo don Allah in tambaye ka. Firizar nan ta gida tana ɗan ja in an taɓa murfinta. Me ke kawo haka?"

Kafin ya buɗe baki an riga shi. Wani ya ce ai duk tsohuwar firiza haka take yi. Wani ya ce a saya wa Hajiya silifas na roba, shi ke nan. Na uku ya ce a ɗora firizar a kan katako, a gidansu haka aka yi kuma ta daina. Kowa ya gyaɗa kai, don kowa ya taɓa yin ɗaya cikin ukun.

Injiniya ya ajiye jakarsa ya tsuguna. "Alhaji, filogin nata ƙafa nawa ne?"

"Ai ba filogi. Mun yanke."

"Da kuka yanke, waya nawa kuka gani a ciki?"

Alhaji ya ɗan yi shiru. "Uku. Biyu muka jona, ɗayar ba ta da aiki, sai muka datse ta."

"To Alhaji, waccan da kuka datse ita ce mai gadin Hajiya."

Wannan magana ta tsaya min a rai, domin kusan dukanmu waya biyu muka sani. A tsohon wayarin akwai ja da baƙa, a sabo akwai ruwan ƙasa da shuɗiya: ɗaya mai kawo wuta, wadda masu aikin ke kira layif, ɗaya mai mayar da ita, nutural. Da su biyun ƙwai yake kamawa, fanka take juyawa, sai muka ɗauka an gama. Ta ukun, koriya ko mai ratsin kore da rawaya, ita ce at, wayar ƙasa. Ranar da komai ke lafiya ba ta ɗaukar komai, shi ya sa muke ganin zaman banza take yi. Bakinta ɗaya yana ɗaure a jikin ƙarfen firiza, ɗayan yana tafiya har sandar tagulla da aka kafa a ƙasa. Ranar da rigar wata waya ta goge a ciki, layif ta taɓa gangar jikin firizar, wutar za ta nemi hanyar sauka ƙasa ko ta halin ƙaƙa. In akwai at, ta nan za ta bi. In an datse ta, sai ta jira hannun da zai fara taɓa murfi. Katakon da aka ɗora firiza a kai bai kashe komai ba, ya dai toshe wa wutar sauran 'yar hanyar da take da ita, ya bar mata mutum kaɗai.

A nan ne zaman da muke yi a bakin ruwa ya bambanta mu da mutanen tudu. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Busasshiyar fata tana tare mafi yawanta, shi ya sa mutum zai ji ɗan ja ya fizge hannu ya yi salati ya wuce. Jiƙaƙƙiyar fata kuwa ƙofa ce a buɗe. Masana aikin suna lissafa cewa mutumin da hannunsa da ƙafarsa ke jiƙe, wutar da za ta ratsa shi tana iya kaiwa kusan rubu'in am ɗaya, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na am ba ya isa ya rikita bugun zuciya. Ku tuna yadda tsakar gidanmu take a watan Agusta: siminti yana gumi, bango ya sha ruwa har gwiwa, mace ta fito daga wanke-wanke ba takalmi, hannu da ruwa, ta miƙa shi kan murfin firiza. Jan da ta saba ji a bazara daban, wanda zai same ta ran nan daban.

Da aka zo maganar sandar at, wani dattijo a cikinmu ya ce shi kam gidansa akwai, da idonsa ya ga an haƙa rami an zuba gawayi da gishiri an kafa ta. Injiniya ya ce madalla Baba, amma yaushe rabon da a duba ta? Gishiri yana taimaka wa ƙasa ta karɓi wuta, yana kuma cin ƙarfe, balle irin sandar kasuwa da aka shafa mata tagulla a bisa, cikinta baƙin ƙarfe. Bayan 'yan shekaru sai a tarar maɗaurin ya ruɓe, wayar tana lilo ita kaɗai. Ƙasa ma ba ɗaya ba ce. Laka ta bakin fadama, mai damshi rani da damina, tana karɓar wuta da kyau. Jigawa mai rairayi, irin wadda jiharmu ta samo suna daga gare ta, in ta bushe a watan Maris ba ta karɓa sai kaɗan, dole a zurfafa sandar ko a ƙara wata. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa ji ba sai ran nan, cewa sandar kaɗai ba ta isa ba. Wutar da za ta zurare ta cikinta sau da yawa ba ta wuce am huɗu ko biyar, birekar gida kuwa an yi ta ne ta faɗi a am 20 ko 30. Ke nan wuta za ta yi ta yoyo, bireka na zaune ba ta ji ba. Abin da ke ji shi ne wata bireka ta daban, wadda masu sana'ar ke kira ELCB. Ita tana auna wutar da ta shiga da wadda ta fito, da zarar ta ga giɓin kashi 30 cikin 1,000 na am ɗaya sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. A jikinta akwai ɗan maɓalli na gwaji, in an danna ta faɗi, tana da rai.

Nan take wani ya ce shi ya taɓa sa ta ya cire, don kullum cikin faɗuwa take, da an yi yayyafi sai gida ya yi duhu. Na fahimci haushinsa, babu daɗi a yi kwana uku ana jiran wuta, ta zo, wani ɗan akwati ya hana ka. Amma faɗuwar tata labari take ba shi, cewa akwai inda wuta ke zuba a gidansa, wataƙila fitilar waje da ruwa ya shiga, wataƙila wata mahaɗa a cikin bango mai damshi. Da ya cire ta yoyon bai tsaya ba, mai faɗa masa ne kawai ya tafi.

Sai kuma sayen waya, inda a ganina muka fi cutar kanmu da hannunmu. Mutum zai sayar da shinkafar rani ya tayar da gini, ya sa tayil, ya yi silin mai ado, ya zaɓi fitilu masu kala. Da an zo kan abin da za a binne a bango, sai ciniki ya tashi. A tafi kasuwar Haɗeja ko Sabon Gari a Kano a ce a ba da mai sauƙi, tun da ba mai ganin ta. Kowace waya kuwa da nauyin da take iya ɗauka. Mai lamba 1.5, wan-fayif a bakin masu aiki, ta ƙwai ce da fankar sama. Soket 2.5 yake so. Na'urar sanyaya ɗaki da babbar hita da murhun lantarki 4 ko 6 suke so, kowanne da layinsa da birekarsa. Mu kuwa nadi ɗaya na wan-fayif za mu saya mu zagaye gida da shi. Ita ma wan-fayif ɗin ba kullum take cika ba. Akwai wadda aka rage mata kauri, akwai ta alminiyom da aka yi wa wankan tagulla. Na ga Injiniya ya gwada wata a gabanmu: ya fere bakinta, ya kankare da wuƙa, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan. Ya kunna ashana ya kara, silin ya lanƙwashe ya zube nan da nan. Ya ɗauko guntun tagulla na gaske ya kara masa wuta, ya yi baƙi kawai ya tsaya a miƙe. Ya ce ko a hannu aka ɗaga nadin biyu za a ji bambancin nauyi. Ana yin waya mai kyau a ƙasar nan, akwai Nocaco a Kaduna, akwai Cutix a Nnewi, sai dai masu jabu ma sun san sunayen, don haka a tafi kasuwa da wanda ya san aikin.

Lissafin bai fi ƙarfin kowa ba. A raba wat da ke rubuce a jikin abu da 230, abin da ya fito shi ne am ɗin da yake ja. Hita mai wat 2,000 tana jan kusan am 9. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan sama da 4. Soket ɗin bango gaba ɗayansa am 13 aka yi masa, kusan wat 3,000 ke nan. To a ɗauko 'yar doguwar jona mai baki huɗu, wadda wayarta ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba, a ɗora mata hita da guga da firiza. Ba za ta yi magana ba, za ta dai yi ɗumi, rigarta ta yi laushi, wata rana ta narke a ƙarƙashin katifa. Akwai alama ɗaya da nake so mutanenmu su riƙe, don mu ne muka fi kowa haɗarin kuskure ta. Farin soket da mariƙin ƙwai in sun yi zafi fiye da kima, wari suke yi kamar ƙarnin kifi. A garin da ake banda kifi, ake soya shi, ake shanya shi, wa zai ji ƙarni ya tashi ya duba bango? In kun ji shi a ɗakin da ba a shiga da kifi ba, ku taɓa soket da bayan hannu. In da zafi, ko ya yi baƙi-baƙi a bakin rami, a kashe layin.

Fis ɗin kat'awut ma haka muke masa. Ya tsinke sau ɗaya, a mayar da siriri. Ya sake tsinkewa, a ninka biyu. Na uku sai a nemo waya mai kauri a ɗaura a ce yanzu an huta. An sa fis ne ya zama shi ne mafi rauni a duk gidan, domin in nauyi ya yi yawa ya ƙone shi kaɗai a cikin akwatinsa. In aka ƙarfafa shi, raunin ya koma wani wuri, galibi wata mahaɗa a saman silin, inda aka murɗa waya biyu aka naɗe da ledar burodi saboda salatif ya ƙare. Can ƙarƙashin kwano, a watan Afrilu da zafin waje ma ke haura digiri 40, ga busasshen katako, ga sheƙar ɓera. Inda wayar alminiyom da ta sauko daga falwaya ta haɗu da tagullar gida, in murɗawa kawai aka yi, damshi yana sa su ci juna, mahaɗar ta saki, ta riƙa tartsatsi. Yawancin abin da muke cewa wuta ta tashi haka kawai, daga irin waɗannan wurare take tashi.

Ba zan tsallake wayar zumunci ba, wadda ake jawowa daga gidan wa zuwa gidan ƙane, ta haye katanga, ta kwanta a bakin kwano, ta ratsa tsakar gida a daidai tsayin da ya dace da shanya. Niyyar mai kyau ce, ɗan'uwa ba zai zauna a haske ɗan'uwansa na duhu ba. Amma bakin kwano wuƙa ne, iskar farkon damina tana ta goga wayar a kansa har rigar ta yanke, rufin gaba ɗaya ya ɗauki wuta, haka ƙofar ƙarfe da tagar da ke haɗe da shi. Ranar kuma wata za ta zo da jiƙaƙƙen zane ta rataya.

Da magariba ta gabato hirar ta koma kan wuta mara ƙarfi, wadda ƙwai ke yin ja kamar garwashi. Mu a ƙarshen layi mun san ta sarai. Wani ya ce ai gara ita da babu, ko ba komai firiza za ta ɗan yi sanyi. Injiniya ya ce a'a Yaya, ita ce ma ke kashe firiza. Injin da ke ciki in bai samu ƙarfin tashi ba sai ya tsaya yana gurnani, yana jan wuta fiye da ƙa'ida, har naɗin cikinsa ya ƙone. Ya ce in ba sitabilaiza mai jinkirin minti uku, gara a cire ta a jira. Maganinmu na gargajiya shi ne canza layi: a fita da tocila a baki, a zare kat'awut daga wannan a mayar wancan, wani lokaci ma a sa yaro ya hau tsani ya sauya a falwaya. Kowa ya gudu layin da ya fi haske, sai nauyin unguwa ya taru a ƙafa ɗaya ta taransifoma, ta yi zafi, ta ƙone, a dawo ana karo-karo gida-gida. Akwai kuma ranar da ake cewa wuta ta zo da ƙarfi, ƙwai ya fashe, caja ta yi hayaƙi a gida goma lokaci guda. Sau da yawa nutural ce ta tsinke a hanya, sai wasu gidaje su samu abin da ya doshi bolt 400 maimakon 230. Alamarta ita ce ƙwan wani gida ya yi haske kamar rana, na maƙwabcinsa ya dushe. Wanda ya ga haka ya ruga ya kashe babban makunni, sannan a kira ma'aikatan wuta.

Janareta ya ɗan ja baya tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, amma yana nan a shaguna da gidajen biki. Abin da ke tsorata ni game da shi shi ne igiyar nan mai filogi a kowane baki, wadda ake sokawa a soket don ta ba gida wuta ta baya. In aka manta ba a zare kat'awut ba, wutar injin tana fita ta bi layi, taransifoma kuma ba ta san gaba da baya ba, tana iya ɗaga ta zuwa dubban bolt a kan wayar da wani bawan Allah ya hau gyara yana da yaƙinin a kashe take. Makunnin canji, wanda ke raba wutar inji da ta layi, shi ne maganin wannan. Gubar da ke cikin hayaƙin inji kuma ba ta wari, ba ta tayar da mai barci. Kada tsoron ɓarawo ko ruwan sama ya sa a shigar da inji zaure ko a ajiye shi ƙarƙashin taga.

Yanzu dai zamanin sola ne. Duhun da Arewa ta shiga a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta suka lalace aka yi sama da mako guda ba ko ƙyalli, ya sa har masu shakka sun nemi faranti da batir. Na yi murna da wannan, domin rana ce abin da Allah ya hore mana ba awo. Amma mun ɗauko tsofaffin halayenmu mun kawo mata. Ana cewa wutar sola ba ta ja. Ta batir mai bolt 12 ba ta ja, gaskiya ne, amma tana ƙonawa, domin idan bolt ya yi ƙasa am ne yake hawa. Kayan wat 600 a wutar layi bai kai am 3 ba, a gefen batir kuwa am 50 ne. Wanda ya haɗa batir da inbata da ragowar wayar soket ya ajiye garwashi a ɗaki. Wajen yana son waya mai kaurin yatsa, gajera, da fis dab da kan batir. Abin da ya fito daga inbata kuma bolt 230 ne cif, yana kisa kamar na layi. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa lokacin caji, wurinsa inda iska ke shiga, ba ƙarƙashin gado ba. A fadama ma, inda famfon sola ke maye gurbin injin fetur a gonakin shinkafa da alkama, farantan da aka jera a layi suna tara ɗaruruwan bolt, kuma muddin rana na sama ba su da makashi. Manomi yana tsaye cikin ruwa, mahaɗar waya tana kwance a kan kunya an naɗe ta da leda. A ɗaga ta sama, a rufe ta da abin da aka yi don ruwa.

Ruwan kuma zai zo, mun sani. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar Kogin Haɗeja ta sauya, kacala ta toshe hanyoyinsa, in ya cika sai ya nemi gari. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da 2022 a Guri da Kirikasamma da Auyo ba ya bukatar a ba shi labari. Duk da haka muna nan muna kafa soket taƙi biyu daga ƙasa, don haka muka gani a gidajen Kano da Dutse. Mai gini a ƙasar ambaliya ya ɗaga soket ɗinsa zuwa ƙirji, ya sa wayarin ya sauko daga sama, batir da inbata su hau kanta. In ruwa ya fara shigowa, a kashe babban makunni tun ƙafa tana kan busasshiyar ƙasa. In ya riga ya shiga, kada a ratsa shi don a je a kashe. Bayan ya janye kuma, bushewar bango a ido ba ta nufin bututun da ke ciki ya bushe. Laka tana kwana a cikin soket, ruwa yana kwana a cikin bututu. A bar mai aikin ya zo da na'urar awo ya gwada kafin a kunna.

In kuma ƙaddara ta faɗa, wuta ta kama mutum, abin da zuciya ke fara cewa shi ne a rungumo shi. Kada a yi, mutum biyu za a rasa. A kashe wutar, in makunni ya yi nisa a ture shi da busasshen icce ko taɓarya busasshiya, mai turewar yana tsaye a busasshen wuri. Mun saba ɗura wa wanda wuta ta ja madara. Madara ba ta fitar da komai daga jiki, wanda ba ya cikin hayyacinsa kuma tana iya shaƙe shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri ba tsayawa, a nemi mota. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Gobarar lantarki kuma ba a watsa mata ruwa sai an kashe layi. Yashi muke da shi a ƙofar kowane gida, shi za a zuba.

Kafin a tashi na tambayi Injiniya me ya sa, tun da ya san duk wannan, ake samun gidajen da shi ko yaransa suka yi wa aiki ba at. Bai ɓoye ba. Ya ce, "Malam, in na rubuta kaya na sa nadi uku, mai gida sai ya ce na cika son kuɗi, wane ya ce masa nadi biyu ya isa. In na ƙi, ya kira yaron da ya yi wata shida yana riƙe min tsani." Wannan laifin namu ne, mu masu gida. Duk wanda ya rataya tasta a aljihu mun ba shi sunan Injiniya, muna kuma zaɓen wanda ya fi araha. Akwai hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, tana ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Ba aibu ba ne ka tambayi wanda zai binne waya a ɗakin 'ya'yanka ko yana da ita, ko a wurin wa ya koya, shekara nawa. In ya cancanta kuma, a biya shi haƙƙinsa ba tare da an sa shi rage kaya ba.

Washegari da safe ya je gidan Alhaji. Ya ja firizar ya buɗe bayanta, sai ga inda ɓera ya ci rigar waya, silin tagulla yana kwance a jikin ƙarfe. Ya sauya wayar, ya sa filogi mai ƙafa uku da fis ɗinsa na am 13, ya bi at ɗin soket har waje ya tarar tun ginin gidan ba a kafa sanda ba. An kafa, an sa ELCB a allon wutar gidan. Hajiya ta taɓa murfin da jiƙaƙƙen hannu ba ta ji komai ba.

Jama'ar Guri, ruwa yana sauka a watan Yuni. Kafin nan kowa ya zaga gidansa ya zare tsinken ashana daga soket, ya sayi filogi, ya kira mai wayarin ya nuna masa inda wayarsa ta uku ta shiga ƙasa.